Gayyar Ɓad da Sawu

Mutanen Tudun Maje ba wawaye ba ne, a fara sanin wannan kafin a ji abin da suka yi wa kansu. Manoma ne na gaske, gida talatin da 'yan kai a bakin daji, tafiyar safe zuwa azahar daga Birnin Gwari. Sun san halin ƙasa, ba sa matsa mata. In sun nome gona shekara huɗu ko biyar suka ga ƙuduji ya fara fidda furensa a gindin dawa, sai su ƙyale ta ta huta, su koma wata. Wadda aka ƙyale ɗin nan ita ce saura. Baƙo in ya gan ta sai ya rantse daji ne, amma kowane taku nata da mai shi, kuma kowa a garin ya san inda ta wane ta tsaya da inda ta wane ta soma.

Saurar garin duka tana hayin rafi. A shekarar da ake magana, lokacin Turawa sun riga sun zauna daram a ƙasa, ta cika shekara tara tana hutawa. Ta yi baƙi, ta yi laushi, mutum ya cusa yatsa sai ya shige. Gonakin bakin gari kuwa sun mutu murus.

Babu wanda ya ƙagu da wannan saura kamar Nababa. Gajeren mutum ne kakkaura, ya ba hamsin baya, baki goma sha ɗaya ke jiran tuwo a gidansa, har da yayarsa Huraira wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, da matar ƙanensa da 'ya'yanta uku. Inda ya saba ɗaure dami ɗari da hamsin, a kakar nan arba'in da biyu ya ɗaure, su ma zangarniyar kamar wutsiyar ɓera. Tun kafin a gama kai amfani gida ya kai gatarinsa maƙera aka gyara masa baki. Rani na kankama zai haye rafi ya yi sassabe, tunanin nan kaɗai ke riƙe da shi. Mutum ne mai kai, ba a hana shi wannan, in ya yi magana a dandali har tsofaffi gyaɗa kai suke yi. Aibinsa ɗaya, bai taɓa yarda akwai abin da ya fi ƙarfin dabararsa ba.

Ana haka sai ga dogari daga Birnin Gwari. Ya sauka ƙofar Mai Unguwa Jaji, ya sha ruwa, ya ce nan da kwana ashirin Bature zai zo da sarƙa, a share masa masauki, a shirya masa mutumin da ya san daji. Ya hau ya tafi.

Sarƙa! Kalmar nan kaɗai ta isa ta hana garin cin abinci. Shekara shida kafin nan wani Bature ya zo da sarƙar awon ƙasa ya ce a nuna masa gonaki. Mutane suka yi ta rige-rige, kowa na nuna tasa da alfahari, har da masu ƙara wa tasu faɗi. Bayan wata biyu aka aiko cewa gidan da ke da babbar gona ai hannaye gare shi da yawa, saboda haka ya ba da mutum biyu aikin hanya. A gidan su Nababa aka ɗebi ƙanensa Mu'azu da wani ɗan baffansu. Ɗan baffan ya dawo da ƙashin wuya a waje. Mu'azu kuwa rigarsa kawai aka kawo.

Bayan la'asar maza suka taru gindin tsamiya. Mai Unguwa Jaji dattijo ne na kirki, sai dai duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ke da gaskiya a wurinsa. Nababa ya san haka, don haka ya bari kowa ya gama kumfar bakinsa sannan ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, wancan karon mu muka kai kanmu. Da yatsunmu muka nuna, da yatsunmu aka ɗebe mu. Gonakin bakin gari an riga an auna su, ba su suka kawo shi ba. Saura ya zo gani. To, mu ba mu da saura."

"Kamar yaya ba mu da saura?" in ji Mai Unguwa.

"Daji ne. Daga bakin rafi har inda ido ya ƙare, daji ne."

Wani daga baya ya ce Bature fa ba makaho ba ne. Ga duwatsun iyaka, ga tsofaffin kunyoyi, ga gindin rumbuna, ga rijiya.

"Sai mu ɗauke masa wahalar gani," in ji Nababa.

Liman ya yi gyaran murya ya ce wannan fa kamar ƙarya ce.

"Allah gafarta Malam, ba wanda za a ɗora wa Alƙur'ani. Kuma in na ce ƙasar ba ta kowa ba ce, ta Allah ce, na yi ƙarya?"

Liman ya shafa gemu, ya duba ƙasa. Shi ma yana da samari biyu a gida.

Washegari aka fita gayya. Ba a taɓa irinta a ƙasar nan ba: gayya ba kiɗa, ba kirari, kowa bakinsa a rufe. Kwana shida garin na hayin rafi. Suka tono duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya suka zuba a gurbin ruwa mai zurfi. Suka tumɓuke layukan ciyawar jema da kakanninsu suka dasa tsakanin gona da gona. Suka bi tsofaffin kunyoyi da garma suka baje su. Duwatsun da ake ɗora rumbu, da murhu, da tsofaffin duwatsun niƙa, duk rafi. Rijiyar da aka yi wata uku ana haƙa, a wuni ɗaya suka cike ta suka daddale. Nababa na gaba, idonsa kamar na shaho, ko ɗan tsingaro ya hango sai ya sa an tsince. Kai, mutanen nan sun iya aiki! Da ma rashin iya aiki gare su, da an sami abin da suka manta.

Inda aiki ya tsaya cak shi ne kufan su Nababa. A da, can suke tarewa da damina in gona na hayi. Wata shekara tsakiyar marka ubansu Maliki ya cika, rafi ya kawo har ya shafe gaɓa, kwana biyu ba hayewa. Dole aka rufe shi a nan, gabas da wata 'yar kuka da shi ya dasa da hannunsa, aka zagaye kabarin da duwatsu da fasassun tukwane.

Mutane suka ja baya suka bar Nababa tsaye. Huraira na cikin matan da suka kawo kunu. Ta aje ƙwaryarta ta matso.

"Nababa, me za ka yi?"

"Duwatsun kawai zan kwashe, Yaya. Shi yana nan inda yake."

"Ka bar ko guda."

"Guda ya isa. Wanda ya ga kabari ya san an zauna, wanda ya san an zauna ya san an yi noma. So kike a zo a ɗebi 'ya'yan Mu'azu su ma?"

"Kukar fa?"

"Kuka ba ta fitowa a daji ita kaɗai, kowa ya sani. Sai ta tafi."

Ta dube shi. Kowace shekara in ta fito tsintar kaɗanya sai ta ratso ta nan, ta tsaya daga nesa ta yi wa tsohon addu'a, shi ma ya san da haka.

"To da me za a gane shi?"

Ya buga ƙirji. "Haba Yaya! Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ko an ɗaure mini ido sai in kawo ki kansa. Bature na wucewa, ni da kaina zan mai da komai."

Kada a ce bai ji komai ba. Ya ji. Da ya sunkuya ya ɗaga dutsen farko sai ya yi ta karanta abin da ya sawwaƙa a ransa yana neman gafarar tsohon. Amma ya kwashe su tas, ya baje tudun da tafin hannunsa a hankali, aka haƙe kukar har saiwa aka ja ta rafi, aka cike gurbin. Rana ta bakwai suka saka wuta kamar yadda ake yi kowane rani. Toka ta rufe komai, sabuwar ƙasa da tsohuwa suka zama ɗaya.

Bature ya iso ranar da aka ce. Dogo ne siriri, rana ta dafa masa wuya ya yi jajir, kafin ya sauka daga doki an raɗa masa suna Jan Wuya. Tare da shi akwai masu jan sarƙa da tafintansa, wani matashi Bazazzagi mai suna Malam Abubakar. Aka taru, Bature ya yi magana, tafinta ya juya.

"Jama'a, wannan Baturen daji ne, ba ruwansa da aikin hanya. Za a keɓe wani yanki na daji a mai da shi gandu, a bar itatuwa su girma. Duk inda kuke noma, ko inda kuka taɓa nomawa kuka bari yana hutawa, ko kufai, ko rijiya, ko kabari, ku nuna, za a zagaye a bar muku abinku. Abin da ba na kowa ba shi kaɗai zai shiga gandu. Amma in ya shiga, ya shiga ke nan."

Ku ji fa! Da Hausa tsantsa aka gaya musu, ba a rage ko kalma ba, har sau biyu ya maimaita. Nababa ya zunguri na kusa da shi ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka ji irin zaƙin bakin da na ce za su zo da shi?" Na kusan ya gyaɗa kai, yana mamakin kaifin mutumin nan.

Nababa aka ba su ya yi musu jagora. Kwana biyu suna yawo a hayi, masu sarƙa na ja, Bature na zane a takarda. Duk inda aka tambaya, amsa ɗaya ce: daji ne, Zaki. A rana ta biyu suka shigo tsakiyar saurar Nababa. Jan Wuya ya ja linzami. Ya dubi itatuwan ɗorawa da ke tsaye nesa-nesa da juna, ya sauka, ya tsuguna, ya kau da toka ya damƙo ƙasa ya murza. Ya yi magana.

"Ya ce ka tabbata ba a taɓa noma a nan ba?"

"Tun kakannin kakanninmu fartanya ba ta taɓa sauka a nan ba."

Bature ya koma wajen dokinsa. Malam Abubakar ya matso kusa, ya rage murya.

"Baba, ni ma ɗan manomi ne. Ɗorawa ba ta tsayawa haka sai inda aka sare na kusa da ita aka bar ta. Don Allah, don Annabi, in naku ne ku faɗa. Wallahi ba tarko ba ne."

Nababa ya dube shi. Idon yaron nan ba na mayaudari ba ne, ya gani. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna yadda aka miƙo masa rigar Mu'azu a naɗe, ya tuna tafintan wancan Baturen ma da fara'a ya zo. Ya haɗiye.

"Malam, kai dai faɗa masa abin da na ce."

Da yamma aka kawo takarda, shi da Mai Unguwa suka dangwala yatsa. Bature ya tafi, ba a ɗebi kowa ba. Garin ya ɗauki Nababa kamar a goya shi. Mata suka aiko masa da daddawa da man kaɗe, tsofaffi na sa masa albarka. Shi kuwa ya ce a ɗan jinkirta sassabe, a bari ƙurar Bature ta kwanta tukuna.

Ba a yi wata ba sai ga leburori da jakuna. Suka bi gaɓar rafi suna kafa waɗansu gajerun turaku na siminti, suna shafa musu farar ƙasa. Aka tambaye su, suka ce su dai an ce su kafa.

A makon ne Bakoji ya iso. Bafulatani ne da ke sauka da shanunsa a gonar Nababa kowane rani, su ci kara su bar taki, shekara ashirin suna tare suna tsokanar juna. Bana ya makara. Ya kai shanu ruwa, ya dawo ba dariya a fuskarsa.

"Kaɗo, wa ya ba su hayi?"

"Ba wanda ya ba su komai. Wayo muka yi musu." Nababa ya kwashe labari ya gaya masa, yana jiran yabo.

Bakoji ya dogara sandarsa ya ce, "Na ga irin turakun nan a wurare biyu. Inda aka kafa su ba gatari, ba wuta, ba fartanya. Saniya ma sai ta bi inda aka ce."

"Har zuwa yaushe?"

"Ban ga inda aka cire ba."

Nababa ya kau da kai. Ya ce ƙarya ne, Fulani da ma sun cika tsoro. Bayan kwana huɗu wani malamin daji ya zo sanye da kakinsa, ya tara mutane, ya karanta musu abin da Bakoji ya faɗa, kusan kalma da kalma. Wani ya yi ihu ya ce ai gonakinmu ne. Malamin ya ɗaga takarda ya ce waɗanne gonaki, ga yatsun manyanku nan.

Daminar ta yi kyau, abin baƙin cikin ke nan. Ruwa ya sauka a kan kari, ya ɗauke a kan kari, a kan gonakin da ba su da sauran abin bayarwa. Dawa ta fito ta tsaya iya gwiwa, ƙuduji ya shimfiɗu a ƙarƙashinta. Daga bakin gari kana hango hayi kore shar. Kafin sabon hatsi ya nuna an koma tafasa da rogon daji. Gida uku suka ɗaure kaya suka bar garin. A gidan Nababa aka koma cin abinci sau ɗaya, ƙaramar 'yar Mu'azu ta yi ciki ƙato da ƙafafu kamar sillen kara.

Ba wanda ya zage shi. Da ma an zage shi, da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce, in ya buɗe baki a dandali sai kowa ya sami abin dubawa a tafin ƙafarsa. Huraira ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Ta dai daina zuwa tsintar kaɗanya.

Sau huɗu yana taka ƙafa zuwa Birnin Gwari, yana jan Mai Unguwa, suna durƙuso daga wannan zaure zuwa wancan. A na huɗu ya yi kiciɓis da Malam Abubakar a bakin kasuwa. Mutumin da ya haifi sa'an tafintan ya zube a gabansa, ya ce, "Malam, ƙarya na yi. Ka gaya mini gaskiya na ƙi ji. Ka taimaki yara." Malam Abubakar ya ɗaga shi da sauri don kunya, ya ce zai gwada.

Ya kuwa gwada. Bayan kaka aka aiko: Jan Wuya zai zo, wuni ɗaya tak. A nuna masa abu guda da hannun mutum ya yi a hayin nan, guda kawai, zai sa a matsar da turaku.

Ranar, duk mai ƙafa a Tudun Maje ya haye rafi. Shekara guda ba a sa wa wurin wuta ba, gamba ta fi mutum tsawo, kana jin muryar ɗan'uwanka ba ka ganinsa. Suka bazu. Masu neman kunya suka yi ta laluben ƙasa da tafin ƙafa, ƙasa shafal. Masu neman rijiya suka yi gardama kan wuri uku, aka sare ciyawa duka ukun, ba ko alamar baki. Waɗansu suka yi nutso a gurbi suka fito da duwatsu. Bature ya juya su ya ce dutse a rafi ai dutsen rafi ne, kuma wa zai ce ya yi ƙarya? Duwatsun niƙan da za su yi shaida ambaliya ta binne su cikin yashi. Rana ta take tsaka ba a sami ko tsingaro ba. Aikin nan da suka yi alfahari da shi bai bar musu ƙofa ko ɗaya ba.

Sai aka ji muryar mace daga baya. Huraira ce, ba wanda ya san ta biyo su, tana dogara sanda.

"Akwai Baba."

Kowa ya juyo ya dube ta. Malam Abubakar ya tambaya aka yi masa bayani, ya juya wa Bature. Bature ya ce in akwai kabari magana ta ƙare, amma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba kabari ba ce. Duk ido ya koma kan Liman. Liman ya ce itatuwan da aka jera a kan mamacin na ƙirya ne, ƙirya kuwa ba ta ruɓewa da wuri, kuma ba su fi kamu ɗaya daga sama ba. A kau da ƙasa har a ga itace, a tsaya nan, kada a ɗaga ko guda. Rayayyu na cikin larura, Allah Ya gani.

Jan Wuya ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Nababa ya karɓi fartanya. Ya ce kada kowa ya taɓa, ubansa ne. Ya shiga gaba, jama'a na bin sa, ana sare ciyawa. Taku goma sha biyu ne gabas da kuka, wannan bai manta ba, ko a mafarki ya sani. Ya tsaya ya waiga don ya fara ƙirgawa.

Ina kukar?

Ya duba dama, ya duba hagu. Marke ne ko'ina, kowane kamar ɗan'uwansa. Gurbin kukar shi da kansa ya tsaya aka daddale, aladun daji kuma sun bi wurin sun tumɓuke ƙasa sun yi masa kaca-kaca. Murhun da zai kwatanta da shi babu, gindin rumbu babu, hanyar rijiya babu. Ya yi ta maza, ya zaɓi wani ɗan kwari ya ce nan ne, ya ƙirga goma sha biyu, ya yi bisimilla ya sara.

Ya haƙa kamu ɗaya. Ƙasa. Ya ƙara rabi. Ƙasa da saiwoyi.

"Na ɗan karkace," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. Ya matsa arewa ya sake. Babu. Ya koma kudu. Babu. Tun yana sara a hankali don kada ya ji wa itacen, har ya koma sara kamar mahaukaci. A rami na biyar tafin hannunsa ya fashe, ƙotar fartanya ta yi ja. Waɗansu suka matso za su karɓa, ya daka musu tsawa. A na bakwai ya ɗago, numfashinsa na fita da ƙyar, ya nemi fuskar yayarsa.

"Yaya, ke fa? Ke da kike zuwa duk shekara."

"Da kukar nake gane shi, Nababa."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ne ya karya shi. Ya haƙa biyu bayan nan, amma kowa ya ga hannu ne kawai ke aiki.

La'asar ta yi. Bature ya duba agogo, ya mai da hularsa, ya yi magana gajeriya. Malam Abubakar bai juya nan take ba, sai da Mai Unguwa ya ce, "Faɗi, ɗana."

"Ya ce mai yiwuwa gaskiya kuke faɗa yau. Amma takarda na ɗauke da yatsunku, ƙasa kuma ba ta ƙaryata takardar ba. Turaku suna nan inda suke."

Suka hau suka tafi. Malamin daji ya tsaya baya kaɗan, ya ce, ba da mugunta ba, a cike ramukan nan kafin a tashi, ba a haƙa a cikin gandu.

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ciyawa na rufewa a bayansu. Ba wanda ya yi wa Nababa magana. Bakoji kaɗai ya zo zai kama masa, Nababa ya girgiza masa kai, shi ma ya juya. Aka bar shi daga shi sai Huraira, tana zaune a kan wani kututture.

Ya bi ramukan yana turawa da hannu. Ƙasa baƙa, mai sanyi, mai ƙanshi, irin wadda mutum zai jefa ƙwaya ɗaya ya ɗaure dami. Bai taɓa riƙe ƙasa mai kyanta ba, kuma ya san ba zai shuka komai a cikinta ba har ya mutu. Ya cike tara ɗin duka, ya lallaɓa bakin kowanne.

"Taso mu tafi," in ji Huraira. "Rana za ta faɗi."

Ya miƙe. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Ya ɗaga ƙafa zai taka, ya fasa, ya mai da ita inda take. Ya juya wani gefen, ya sake ɗagawa, ya sake fasawa.

"Nababa, mene ne?"

Ya dube ta, dattijo mai furfura, hawaye na bin gemunsa.

"Ta ina zan bi, Yaya? Duk inda na sa ƙafa, ban sani ba ko a kansa nake."